Boko da Safe da Islamiyya da Yamma, ko Makarantar Haɗaka? Mu Bi Yaro Daga Asuba Zuwa Isha

Ana saura mako biyu a koma sabon zango ƙanwata ta zo mini da takardun shiga makaranta guda biyu a hannu. Ɗanta na fari zai shiga aji uku na firamare, ƙanwarsa kuma aji ɗaya. Ta ce, "Yaya, ke kika yi koyarwa, ki raba mini gardama. In bar su yadda suke, boko da safe, Islamiyyar unguwa da yamma, ko in mayar da su makarantar haɗaka, inda ake boko da hadda a wuri guda har bayan la'asar?" Na ce ta ajiye takardun tukuna, ta ɗauko biro da fallen takarda, mu rubuta ranar yaron tun daga lokacin da ake tashinsa sallar asuba har zuwa lokacin da barci ke ɗaukarsa. Takardar talla tana faɗin burin makaranta ne. Awoyin yini su ke nuna abin da zai yiwu.

Wannan zaɓi yana gaban iyaye da yawa a Kano da Kaduna da Zariya da Katsina da Sakkwato, har ma da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, inda makarantun Faransanci da Larabci suka daɗe da kafuwa, tun madarasar da aka buɗe a garin Say a 1957. Hanya ta farko ita ce wadda akasarinmu muka tashi a kai: yaro ya tafi firamare da safe, ta gwamnati ko ta kuɗi, ya dawo gida ya ci abinci, ya sake shiri ya tafi Islamiyya. Zan riƙa kiranta rabawa. Ta biyu kuwa, haɗaka, ita ce makarantar da ta tattara lissafi da Turanci da kimiyya da haddar Alƙur'ani da Larabci a jadawali ɗaya, yunifom ɗaya, kuɗin zango ɗaya.

Ga yadda ranar take a takardar da muka rubuta. Yaron rabawa ya tashi wajen biyar da rabi, ya yi salla, ya yi wanka, ya karya, ya fita bakwai da 'yan mintuna. Ana shiga aji wajen takwas, a tashi tsakanin ɗaya da rabi zuwa biyu, ƙananan aji ma kafin nan. Ya iso gida, ya ci tuwo ko shinkafa da zafinta, ya yi azahar, in an yi sa'a ya ɗan kishingiɗa. Da la'asar ya saɓa jakar Islamiyya, ya dawo daf da magariba. Tsakanin magariba da isha, ko bayan isha, a nan jingar makarantu biyu take jiransa. Yaron haɗaka shi ma biyar da rabi ya tashi, sai dai yakan riga fita, domin da yawansu bakwai da rabi suke fara tilawa. Daga nan ba zai sake ganin gida ba sai ƙarfe huɗu, biyar, wasu ma har kusan shida. Ya shigo a gajiye, amma ya gama da hanya, babu wata fita.

Kafin a je ga darussa, a riƙe lamba ɗaya. Likitocin barci na Amurka sun fitar da shawara a 2016 cewa yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 a yini. Wanda za a tashe shi biyar da rabi, ke nan takwas da rabi na dare ya kamata a ce ya kwanta, in ana son ko da mafi ƙarancin. Duk tsarin da ya kai yaro goma na dare yana kwafar rubutu da hasken waya, to gobe da safe a darasin farko za a biya bashin.

Darussan boko kansu ba kaɗan ba ne. Hukumar NERDC ce ke tsara manhajar firamare a Nijeriya, kuma ko bayan ragin da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025, yaron aji ɗaya zuwa uku yana da darasi 9 zuwa 10: Turanci, lissafi, harshen gida, kimiyya, motsa jiki da lafiya, addini, tarihin ƙasa, zaman jama'a, zane da al'adu, sai Larabci ga mai so. Manyan aji nasu ya fi haka. Kowane darasi yana cin minti 30 zuwa 40. Makarantar da ke tashi ƙarfe biyu tana samun darasi bakwai ko takwas a yini, bayan an cire lokacin tara. Makarantar haɗaka dole ta cusa waɗannan duka, ta ɗora hadda da tajwidi da hadisi da fiƙihu da tauhidi da Larabci a kai. Ƙarin awa biyu ko uku da take da shi ba ya ɗaukar wannan kaya gaba ɗaya, saboda haka dole wani abu ya matsa. Tambayar ita ce wane ne ya matsa.

Mu fara da lissafi, domin shi ne darasin da ya fi kowane kishin lokaci. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo da alli ya san yaron ƙarfe takwas daban yake da yaron ƙarfe ɗaya. Da safe za ka nuna masa ɗebewa mai aro, 52 a cire 27, ya bi ka daki-daki: biyu ba ta ɗebe bakwai, a aro goma daga biyar. Wannan yaron dai, ka kawo masa darasin da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu, rufin kwano ya ɗau zafi, Kano ta haura digiri 40, sai ka ga ido a buɗe amma hankali ya tafi randa. A makarantar rabawa babu mai jayayya da lissafi da Turanci a kan safiya, su ake ba darasin farko da na biyu. A haɗaka kuwa akwai mai neman safiyar da hujja mai ƙarfi, wato hadda, domin kowane alaramma zai gaya maka ƙari ya fi zama a kai da sanyin safiya. Wasu makarantun sukan ba Alƙur'ani daga bakwai da rabi zuwa goma, boko ya biyo baya. Wasu su yi boko har azahar, hadda ta koma bayan cin abinci, lokacin da yara ke gyangyaɗi a kan Alƙur'anin. Taura biyu ba ta taunuwa, safiya ɗaya ce. Mafi kyawun jadawalin haɗaka da na gani shi ne wanda ya ba ƙarin hadda awa ɗaya da rabi na farko, ya sa lissafi da karatu nan take bayan tara kafin rana ta take, ya tura muraja'a, wato bitar abin da aka riga aka haddace, da darussan da ba sa buƙatar zurfin tunani zuwa bayan azahar. In makaranta ta nuna maka jadawali ka ga lissafi yana faɗowa ƙarfe ɗaya ko biyu kullum, ka san yaronka zai kai aji huɗu bai riƙe jadawalin sau ba, kuma wanda bai riƙe sau ba lissafin rabawa zai gagare shi, lissafin gutsure ma ba a magana.

Abin da ya fi damuna a wannan zaɓi shi ne koyon karatu, ina nufin yaro ya ga rubutun da bai taɓa gani ba ya karanta shi ya gane. Ɗan shekara shida a ƙasar Hausa yana fuskantar harshe uku da rubutu iri biyu a lokaci guda: baƙaƙen boko daga hagu zuwa dama, na Larabci daga dama zuwa hagu. Yara suna iyawa, mun gani da idonmu, amma sai an ba kowane rubutu lokacinsa kullum, ba tare da tsallake ba. Kuma akwai tsani mai sauƙi da muke yawan jefarwa. Rubutun Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Yaron da ya gane ba, be, bi, bo, bu, ya iya haɗa gaɓa da gaɓa, cikin 'yan watanni zai karanta "Baba ya tafi gona" ya kuma san me aka ce, saboda harshensa ne. Daga nan in ya juya ga Turanci, dabarar haɗa sauti tana hannunsa, saura kalmomi. A kan wannan fahimta aka gina shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara. Tsohuwar manufar ilimi ta ƙasa ta ce a koyar da harshen yankin a shekaru ukun farko, a 2022 aka tsawaita zuwa shida, a ƙarshen 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da komawa Turanci. Manufa tana canzawa, amma yadda yaro ke koyon karatu bai canza ba.

To wace hanya ce ta fi kula da wannan? Firamaren gwamnati tana da darasin Hausa a jadawali, kuma malamai suna bayani da Hausa ko an ce su yi ko ba a ce ba, sai dai cunkoso yakan cinye amfanin. Manufar ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35, amma a birane akwai ajin da ya ninka haka har ya wuce. Firamaren kuɗi aji ya fi sauƙi, sai dai da yawansu suna hukunta yaro in ya yi Hausa, sai ka ga yarinya tana rera shafi guda na Turanci da ka, in ka nuna mata kalma ɗaya a tsakiya ta tsaya cak. Makarantun haɗaka kuwa, in wuri ya ƙure, darasin Hausa ne na farko da ake sadaukarwa, saboda ana ganin yaro ai ya riga ya iya. Ya iya magana, bai iya karantawa ba. Wani abu kuma da ya kamata a lura da shi: yaron da ya saba hadda kunnensa yana da kaifi, yana iya haddace littafin Turanci kamar yadda yake haddace sura, malama ta ɗauka ya iya karatu. Wannan baiwa ce, amma takan rufe rauni har sai an zo jarrabawar kwaman, wato ta shiga sakandare, a aji shida, inda za a ba shi labarin da bai taɓa ji ba a ce ya amsa tambayoyi. Saboda haka a nan ba na ba kowace hanya nasara kai tsaye. Rabawa ta fi barin fili, domin yaron yana da tsakar rana a gida da za a iya zaunar da shi minti goma sha biyar ya karanta wa uwarsa ko yayarsa wani abu da ƙarfi.

Kimiyya da zane da motsa jiki ba zan daɗe a kansu ba. A hanyoyin biyu akasari kwafar allo ake yi, alhali kimiyyar firamare ƙwayar wake ce a gwangwanin madara ana duba tsironta kowace safiya, ko sanda a tsakar fili ana auna inuwarta. Bambancin shi ne makarantar haɗaka ta fi saurin share filin wasa daga jadawali, kuma da yawansu gidajen haya ne da aka mayar ajujuwa, babu ma filin. Yaro namiji ɗan shekara takwas da zai zauna awa tara bai yi gudu ba, ƙiriniyar da za ta fito masa a aji ba rashin tarbiyya ba ce.

Yanzu ga inda haɗaka take da ƙarfinta na gaskiya. Islamiyyar yamma awa biyu ce, kwana biyar a mako, awa goma ke nan, a ciki za a raba wa Alƙur'ani da hadisi da Ahalari ko Ishmawi da sira da azkar. In ajin yara arba'in ne, Ya Sayyadi ba zai iya sauraron kowa shi kaɗai kullum ba, sai a biya wa aji gaba ɗaya su amsa da murya ɗaya. Da irin wannan yaro zai iya sauka da kallo, ya haddace izu biyu ko biyar, ya san tsarki da salla, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma haddar izu sittin ba ta fitowa daga nan sai da wani ƙoƙari na daban a gida. Makarantar haɗaka mai kyau tana raba yara rukuni-rukuni, goma ko goma sha biyar ga malami, kowa ya kawo ƙarinsa, ya kawo muraja'arsa, a rubuta a littafin bibiya, uba ko uwa su sa hannu. Wannan tsari ba shi da na biyu ga mai son hadda.

Sai dai a yi lissafi kafin a karɓi alƙawarin "zai haddace kafin ya gama firamare". Mus'hafin Madina da akasarin makarantun ke amfani da shi shafi 604 ne, kowane shafi layi 15. A raba shi shekara shida, shafi ɗari da ɗoriya ke nan a shekara. Zango uku na karatu, in an cire hutu da jarrabawa da ranakun rashin lafiya, kwanakin ƙari ba su wuce 180 ba. Ke nan layi takwas zuwa tara sabo kowace rana, tun daga aji ɗaya, lokacin da yaron bai gama rarrabe baƙaƙe ba. Tunda ɗan aji ɗaya ba zai ɗauki haka ba, nauyin yana taruwa a aji huɗu zuwa shida, ya koma shafi guda a yini, daidai lokacin da lissafi ya yi tauri kuma kwaman ta matso. Ga muraja'a, wadda ita ce haddar: wanda yake da izu talatin a ka, in ba ya juya izu ɗaya ko biyu kullum, zubewa suke yi. Akwai yaran da Allah ya hore wa, suna yi, muna ganinsu a musabaƙar ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shiryawa tun 1986. Amma makarantar da ta yi wa kowane yaro wannan alƙawari, ko dai boko zai biya kuɗin, ko a yi walimar sauka da haddar da ba za ta kai baɗi ba. Na fi natsuwa da hedimastan da zai ce mini, "Hajiya, izu ashirin masu ƙarfi muke nema a shekara shida, wanda ya fi haka mu ƙara masa."

Wani ɗan abu da iyaye kan manta: makarantun allo na gargajiya da ruwayar Warshu suke karatu, Islamiyyu da makarantun haɗaka kuwa akasari Hafsu. In yaro yana zuwa allo da asuba ko da dare wajen alaramman unguwa, sannan yana hadda da Hafsu a makaranta, a zaɓar masa ɗaya har ta zauna. Duka biyun ingantattu ne, amma ƙaramin yaro cakuɗa su yake yi.

Mu dawo gida, bayan magariba, inda rigimar jinga take. Yaron rabawa bawan iyayengiji biyu ne da ba su san juna ba. Anti ta ba shi lissafi goma da jimloli biyar na Turanci, Ya Sayyadi ya ce gobe kowa ya zo da hadisi na tara a ka da rabin shafi, kuma babu wanda ya san abin da ɗayan ya ɗora. Makon jarrabawa in ya haɗu, gidan kowa ya ji a jikinsa. A ƙa'ida haɗaka ta warware wannan, tunda malaman a ofis ɗaya suke shan ruwa. A aikace kuwa, na ga inda malamin lissafi da na Turanci da na Larabci da na hadda kowa ya ba da tasa jingar a rana ɗaya, ga yaron da bai shigo gida ba sai biyar da rabi. Wannan zalunci ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi. Yaron da ya yi awa tara a makaranta, abin da ya rage masa a gida muraja'a ce da ɗan karatu, ba wani sabon rubutu ba.

Akwai ma'aunin da malamai a Amurka suka daɗe suna bi, minti goma ga kowane aji: aji ɗaya minti goma, aji uku minti talatin, aji shida awa ɗaya, duka darussa a haɗe. Farfesa Harris Cooper na Jami'ar Duke, da ya tattara binciken shekaru a kan jinga ya fitar a 2006, ya samu cewa a matakin firamare alaƙar yawan jinga da ƙoƙarin yaro a jarrabawa ƙarama ce ƙwarai, sai a sakandare take ƙarfi. Mu kuwa sau da yawa da nauyin jaka muke auna makaranta, in yaro bai zo da jinga ba mu ce ba a karatu. Jingar da ke amfani a wannan shekaru gajeriya ce kuma maimaici ce: karatu da ƙarfi, jadawalin sau, lissafi biyar irin wanda aka riga aka yi a aji, da tilawar abin da aka biya yau. Wadda ba ta amfani ita ce kwafar shafi uku, ko aikin kwali da sai uba ya je kasuwa, ko tambayar da ba a koyar ba, wadda a ƙarshe uwa ce za ta karɓi fensir ta rubuta don a samu a kwanta. Malama ta gani ta ba da maki goma, ta wuce darasi na gaba, yaron kuma an bar shi a baya ba wanda ya sani.

Saboda haka tambayar da na yi wa ƙanwata ita ce, wa zai zauna da su? Rabawa tana buƙatar babba a gida sau biyu: da rana a karɓe su a ciyar da su a sake tura su, da dare a duba jaka biyu. Haɗaka tana buƙatar mutum ɗaya da dare wanda zai riƙe Alƙur'ani ya saurari muraja'a, kuma wannan ba ya faɗuwa, in babu shi haddar ba ta tsayawa komai tsadar makarantar. In 'ya mace ce a ƙara da wanke-wanke da aike da rainon ƙanne, waɗanda ba a rubuta su a jadawalin kowa ba amma daga lokacinta ake cire su.

A duba mako ma, ba yini kaɗai ba. Boko Litinin zuwa Juma'a ne, Islamiyya kuwa a al'ada Asabar zuwa Laraba, kuma Asabar da Lahadi da safe ake yi, wani wuri har da yamma. Ke nan yaron rabawa ba shi da yini guda cikakke na hutu, abin da yake samu yammacin Alhamis da na Juma'a ne. Yaron haɗaka ranarsa ta fi tsawo amma galibi yana da Lahadi, wasu har da Asabar, sai fa in iyaye sun sake cika su da lesin.

Sai ciki da aljihu. Yaron da zai wuni yana tafiya da kular abinci, abincin da aka dafa da asuba shi zai ci da azahar, kuma a tambaya a gani da ido: ina ruwan sha, ina banɗaki, ina suke alwala, ina ƙananan suke kwantawa in barci ya kama su? Ta fuskar kuɗi, haɗaka kusan kullum ta fi tsada a kuɗin zango da littattafai, alhali Islamiyyar unguwa ɗan kuɗin wata ne. Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu ya zama abin sakawa a lissafi. In Islamiyyar ba ta tafiyar ƙafa ba ce, rabawa hawa huɗu ce a yini, haɗaka biyu. Akwai kuma wata riba ta rabawa da ba a gani sai an shiga matsala: in firamaren ta lalace ka canza ta ka bar Islamiyyar, in malamin Islamiyyar ya tashi ka nemi wata ba ka taɓa bokon ba. A haɗaka in ɓangare ɗaya ya yi rauni, sai dai ka haƙura ko ka tumɓuke yaron gaba ɗaya.

Ga inda na tsaya. Ɗan aji ɗaya da aji biyu, in akwai babba a gida da rana kuma Islamiyya tana kusa, rabawa ta fi masa. Shekarun nan na koyon karatu da ƙirga ne, da baƙaƙen Larabci da gajerun surori, kuma jikinsa yana buƙatar barcin rana da abinci mai zafi. Daga aji uku ko huɗu, in yaro ya riga ya iya karatu da kansa, yana da son hadda, kuma gidan ya ɗauki hadda a matsayin buri na gaske da za a zauna a kai kowane dare, haɗaka mai tsari ta fi. Haka nan in uwa da uba duka suna fita aiki ko kasuwa sai yamma, wuni a makaranta ya fi wuni a layi ba mai kula. Wanda kuma yake hangen makarantun sakandaren tarayya, inda sai an ci jarrabawar da NECO ke shiryawa, ya tambayi makarantar haɗakar tun yanzu yadda take sassauta ƙarin hadda a aji shida.

Kowace aka karkata gare ta, gani ya kori ji. A je makarantar ba tare da sanarwa ba, kuma da ƙarfe ɗaya na rana, ba da safe lokacin da kowa ke da kuzari ba. A ƙirga kawunan da ke aji. A roƙi littafin lissafin wani yaro da ke zaune a baya, a duba kwanan wata da jan biro: yaushe aka yi aiki na ƙarshe, an gyara kuskure ko an ja layi kawai? A rubuta jimla biyu, ɗaya da Hausa ɗaya da Turanci, a ba ɗan aji uku ya karanta. In haɗaka ce, a ce ɗan aji huɗu ya karanto daga izun da ya haddace bara, ba na wannan mako ba. Sannan a tambayi hedimasta wa ke daidaita jinga tsakanin malamai. In ya fito da takarda ya nuna ranar lissafi da ranar Larabci, alama ce mai kyau.

Ƙanwata ta je ta gani. Ta bar ƙaramar a firamarensu da Islamiyyar bayan layi, da sharaɗin kullum bayan azahar yarinyar za ta karanta mata shafi ɗaya na Hausa kafin ta kwanta. Babban kuwa, da ta ba shi jimlar Turanci ya tsaya a kalma ta uku, sai ta ɗage maganar haɗaka zuwa aji huɗu. Ta je wajen antinsa ta roƙi a rage masa kwafe-kwafe a ƙara masa karatu, ta kuma gaya wa Ya Sayyadinsu ranakun da jingar lissafi take yawa, ya yarda ya mayar da karɓar haddarsa Asabar da Lahadi da Laraba.